Bikin ƙanwata saura sati uku: gwangwani zan saya, roba ko kwalba?

Maman Ilham: Slm jama'ar gidan nan barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema, bikin ƙanwata saura sati uku kuma ni aka ɗorawa abin sha na yini da na walima, mutum wajen 400 ake sa rai. Abinda yasa na kawo maganar nan, bikin ɗan yayarmu da akayi bara washegari da safe na leƙo ƙofar gida wlh sai da gabana ya faɗi, ledar fiya wata da robar lemo da tekawe sun cika kwatar layinmu tun daga bakin gidanmu har kusan masallaci, bayan kwana biyu akayi ruwan sama kwatar ta toshe ruwa ya shiga zauren maƙocinmu, dattijo ne, bai ce mana komai ba ya ɗauko shebur da kansa yana yashewa, har yau in na tuna kunya nake ji. Amma abin mamaki gwangwanin lemo ko ɗaya ban gani a ƙasa ba, yara sun tsince shi tas tun kafin a watse. Shine nace ko dai duk gwangwani zan saya wannan karon in huta?

Abban Khalifa: Wslm Maman Ilham. Allah ya sanya alheri ya basu zaman lafiya. Ai kin riga kin baiwa kanki amsa, abinda yake da kuɗi baya kwana a ƙasa.

Anti Malama: Amin. Amma kinyi lissafin kuɗin kuwa? katan ɗin gwangwani da fak ɗin roba ba ɗaya bane fa a kasuwar Singa, gashi lemon cikin roba yafi na gwangwani yawa.

Maman Ilham: Nayi Anti, shi yasa ma nake ta juya abin a raina

Injiniya: Barkanmu da dare. Abinda Maman Ilham ta gani ba tsautsayi bane, yana da dalili. Gwangwanin lemo alminiyon ne, wanda iyayenmu suke cewa sanholo, kuma shi alminiyon haƙo shi da tace shi daga ƙasa ne mai tsada, narkar da tsoho kuma araha ne. Ana haƙo wata jar ƙasa da ake kira boksait, ƙasar Gini ta Konakiri tafi kowa arzikinta a duniya, wajen Boke da Sangaredi. Sai an haɗa tan 4 zuwa 5 na ƙasar nan a tace a samu tan 2 na farin gari, shi kuma a saka masa wutar lantarki ya bada tan 1 na ƙarfe. Wutar da ake sha a wannan matakin na ƙarshe kaɗai wajen yunit 14 ce a kowane kilo ɗaya, irin yunit ɗin da muke saye a mita. To in tsohon gwangwani ka narkar, kashi 5 cikin ɗari na wannan ƙarfin kawai kake buƙata, kashi 95 ya huta. Kuma ko sau nawa ka narkar dashi baya lalacewa, shi yasa ake lissafin wajen kashi 75 na duk alminiyon ɗin da aka taɓa yi a duniya har yanzu yana hannun mutane ana amfani dashi.

Injiniya: In mun dawo kan bikinki, gwangwani ɗaya giram 13 zuwa 15 ne, wato wajen guda 70 ke bada kilo. 400 ɗinki basu kai kilo 6 ba, amma kilo shidan nan in sabo za'ayi sai an sha wuta kusan yunit 80.

Abban Khalifa: Kai Injiniya yunit 80 ai wata guda ne a gidana

Ɗan Panteka: Assalamu alaikum. Tunda an shigo sana'ata bari in saka baki. Ni shekara goma sha ɗaya ina kan sikeli a Kaduna, kuma abinda Injiniya ya faɗa na 70 a kilo haka yake, mu ba littafi muka karanta ba hannu ne ya sani. Yaro in ya kawo buhu abu na farko da nake yi in zazzage in ɗauko mayen ƙarfe, na tsohuwar sifika ne na ɗaura masa igiya, in ja shi a kai. Gwangwanin madara da na tumatir da na kifi mafi yawansu zasu manne, wannan ƙarfe ne kuɗinsa daban kuma ƙasa yake sosai. Na lemo da na maltina basa mannewa, su ne alminiyon. Sai a taka su da ƙafa a lotse a cusa a buhu. Wasu yaran suna zuba yashi ko tsakuwa a ciki kafin su lotse don yayi nauyi, da ka ɗaga ka girgiza zaka ji, kuma daga ranar ya zubar da yardar da ke tsakaninmu.

Ɗan Panteka: Roba ma muna saye fa kar ace bama saye, amma sai ka cika buhu shaƙe ka ɗora a sikeli kaga abin tausayi, iska ce kawai a ciki. Leda kuwa in ba wanda yake da mai karɓa na musamman ba babu mai sunkuya mata. Yaron da ya yini a rana yasan abinda zai bashi kuɗin abinci.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, kenan gwangwanin zan saya

Abu Safwan: A'a Hajiya dakata tukunna. Ni ban yarda da yadda ake ta yabon gwangwanin nan ba. Injiniya ka faɗi rabi ka bar rabi. Kashi 95 ɗin da kake faɗa gaskiya ne amma sai in gwangwanin ya koma gwangwani. A ƙasashen da suke da injin murza falanki ana cewa cikin kwana 60 wanda ka sha ya dawo kanti sabo. Mu nan fa? Akwai kamfanin GZI a Agbara ta jihar Ogun da yake buga gwangwani tun 2010, amma falankin da ake bugawa dashi daga waje ake kawowa. ALSCON ta Ikot Abasi da aka gina don ta dinga tace mana alminiyon ta fara 1997 ta tsaya 1999, aka sayar wa Rusal ta Rasha a 2007, shari'a ta cinye shekaru, yanzu shiru kake ji. To wanda yaran suka tsinta ko dai a narkar ayi curi a fita dashi waje, ko ya tafi wajen masu zubin tukunya. Duk gwangwanin da Maman Ilham zata saya da dala aka shigo da ƙarfensa.

Injiniya: Ban musa ba Abu Safwan, amma curin da aka fitar ai ba teku ake zubawa ba, wani kamfanin ne zai yi amfani dashi a madadin sabo, wutar dai an rage ta ko a Ikot Abasi ko a Caina.

Abu Safwan: Na yarda an rage. Abinda nake so a gane shine gwangwani sabo yana cin wuta sosai a haihuwarsa, ana yafe masa ne saboda yana dawowa. Kuma haƙar tana da nata ta'adin, tace boksait yana barin wani jan taɓo mai cin fata, a ƙasar Hangari a watan Oktoba 2010 madatsar da ake tara shi ta fashe kusa da garin Ajka ya shiga ƙauyuka mutum 10 suka rasu. Mutanen Boke kuma kullum kukansu jar ƙura da gonakin da aka karɓe da ruwan sha. Mu muna shan lemo mai sanyi a nan, su suke shaƙar ƙurar.

Anti Malama: Subhanallah. Ni ban taɓa kawo wa raina gwangwani yana da alaƙa da gonar wani ba

Hajiya Babba: Ku yaran nan kuna ta turancinku, ni tambaya ɗaya gareni, kwalba laifin me tayi? Lokacin bikina kiret aka sauke a tsakar gida, aka sa yara biyu masu buɗewa, kowa ya sha ya ajiye, da magariba aka ƙirga aka mayar wa mai shago ya bada kuɗin ajiyar da aka bari. Guda biyu suka fashe aka biya. Ba kwata ba shara. Ko aiken lemo akayi maka a da ai da kwalbarka kake tafiya a hannu, in baka da ita mai shago yace ka tsaya ka shanye a nan.

Injiniya: Hajiya Babba wlh maganarki ita ce a sama. Kwalbar da ake mayarwa a wanke a sake cikawa babu wanda ya kaita, don ba narkarwa ma akeyi ba, wanki ne kawai. A Jamus ana lissafin kwalba ɗaya tana iya zagayowa har sau 50. Matsalarta nauyi, ta nunka gwangwani fiye da sau ashirin, saboda haka in daga nesa ake ɗaukota mota tana shan gas, amma in kamfanin cikawa yana kusa kamar yadda muke dasu a Kano to ita ce kan gaba. Wacce zan ce a gujewa ita ce doguwar kwalbar nan ta lemon inabi mai kumfa da ake jerawa a tebur ɗin amarya, sau ɗaya ake sha, babu mai karɓarta, kuma narkar da gilashi sai wuta ta kai wajen digiri 1500 alhali alminiyon a 660 yake narkewa.

Maman Ilham: Hajiya Babba ina wuni, wlh nayi tunanin kwalba amma yanzu bikin mata ya canja, ba zama ake a sha ba, kowa jaka take buɗewa ta zuba ta tafi dashi gida wa yara. In na sauke kiret 17 rabin kwalaben a Rijiyar Zaki da Hotoro zasu kwana ni kuma a barni da biya

Hajiya Babba: Wannan kam gaskiyarki ne ɗiyata, na gani da idona

Abban Khalifa: To a raba mana. Walimar maza ai zama ake akan tabarma a ci a tashi, babu mai tafiya da kwalba a aljihu. A basu kwalba. Mata a basu wanda zasu iya tafiya dashi.

Ɗan Katako: Salamu alaikum yan uwa, daga Yamai ni ke. Na daɗe ina karatu ban yi magana ba amma da anka ambaci masu zubin tukunya dole in tanka, don nan kasuwar Katako na tashi, kawuna shi ad da rumfar zubi. Abu Safwan kamar kana ganin in gwangwani ya zama tukunya ya faɗi ƙasa, ni ko gani ni kai ya samu daraja. Lemo minti biyar a ka sha, tukunya lamba talatin shekara ashirin tana tuwon suna da na biki a gida guda.

Ɗan Katako: Bari in gwada muku yadda a kai. Ƙasa ce mai laushi a ka yayyafa ma ruwa kaɗan, a sa tsohuwar tukunya cikin akwatin katako a cika da ƙasar a daddaka da tabarya ƙarama har ta kame, a buɗe a hidda tukunyar a hankali sai siffarta ta zauna, a maida a ruhe a bar kafa guda ta zubi. Can gefe gawayi na ci, yaro na juya wilin keke da anka haɗa da fanka shina hura wuta, ƙarfen na narkewa cikin kasko. In ya narke fari tas kamar madara da hasken wata, a kwashe dattin da ya taso sama a zuba. Minti kaɗan a fasa ƙasar ga tukunya, sai goge baki da zarto. Amma in gaya muku gaskiya maƙera ba su cika son gwangwani ba, shina da sirara ga fenti, in ka zuba buhu guda da yawa datti ya ka zama ya ƙone. Sun fi son kayan mota, fistin da kan inji da kaskon giyar mota, su ke da nama.

Nas Hauwa: Yawwa Ɗan Katako nan nake jira a zo. Allah ya yiwa sana'ar kawu albarka, ba ɓata sana'a zanyi ba amma wannan kayan motar shine abin tsoro. A 2014 anyi bincike a Kamaru akan tukwanen da ake zubawa da tarkacen alminiyon, aka dafa ruwa mai tsami a ciki aka auna, aka samu dalma tana fita daga jikinsu. Kuma ku lura da wani ruɗani da yake bakinmu, mu Hausawa muna cewa tukunyar dalma muna nufin ta alminiyon, alhali dalma ta gaskiya wani ƙarfe ne daban mai nauyi, shine na cikin batirin mota, shine gubarsa ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 wajen masu niƙa dutsen zinare. Alminiyon daban dalma daban. Matsalar in aka haɗa tarkace barkatai, lagireto da abinda aka yiwa like da sauransu, dalmar tana iya shiga cikin zubin, kuma yaro ƙarami ko kaɗan ce tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, ba kuma zaka gani a fuska ba.

Maman Ilham: Innalillahi, Nas to duk tukwanen gidanmu fa irinsu ne, har na kayan ɗakin amaryar an saya

Nas Hauwa: Kar ki tada hankalinki Maman Ilham ba cewa nayi a zubar ba. Abinda yafi jawo ƙarfe daga jikin tukunya shine tsami da daɗewa. Kar a dafa zoɓo ko tsamiya a barshi ya kwana a ciki, miyar tumatir in ta dahu a juye a wani mazubin, kar a dinga kankare cikinta da soson ƙarfe har tayi ƙyalli. Na zoɓo da kunun tsamiya in da hali a nemi ta silba wato sitenles. Kuma ta wannan ɓangaren gwangwanin lemo yafi kayan mota tsafta nesa ba kusa ba, don dama don abinci aka yi shi.

Ɗan Katako: Nas Hauwa ban ji haushi ba. Zan kai ma kawu maganar ga, don shi ma jikokinshi da tukunyar su ka ci. Abin da ni ke roƙo in za a yi gyara a yi da maƙera a zaune, a gwada musu wane tarkace za su ware, kar a tashi rana guda a ce an hana, mutane dubbai ke ci nan.

Baban Amira: Ni kuma bari in faɗi wacce ba'a so. Kuna ta yabon yan jari bola kamar wasu ma'aikatan tsafta, mu a layinmu tukunyar matata biyu suka ɗauke a bakin rijiya da rana tsaka, wayar wutar masallaci an yanke sau biyu, murfin kwata na ƙarfe babu ko ɗaya. Duk kuɗin nan da alminiyon yake dashi shine yake jawo wannan. Ba banza ba gwamnatin Borno ta hana sana'ar a 2023, Abuja ma an hana su yawo a cikin gari.

Ɗan Panteka: Baban Amira Allah ya mayar da alheri, kuma bazan ce ƙarya kake ba, akwai ɓarayi a cikinmu kuma laifin mai sikelin da yake karɓa yafi na yaron. Tukunya mai kyau ba huji ba lotsewa yaro ɗan shekara sha biyu ya kawo maka, kai kasan ba bola ya samota ba. Ni bana karɓar waya ko murfin kwata ko da kyauta ne. Amma ka kwatanta ranar da babu mu gaba ɗaya, wa zai kwashe? Motar shara sau nawa ta shigo layinku bana?

Baban Amira: Ko sau ɗaya

Ɗan Panteka: To ka gani. A yi mana rajista a bamu kati, wanda aka kama da kayan sata a rufe rumfarsa, mu ma mun huta da zagi.

Abu Safwan: Wannan ita ce maganar. Barazil ana yabonta tana dawo da sama da kashi 95 na gwangwaninta, kusan babu ƙasar da ta kaita, amma masu tsinta ne a titi suke wannan aikin irin yaranmu, bambancin su can da yawansu sun haɗu a ƙungiyoyi kuma tun 2010 dokar shara ta ƙasar ta san da zamansu. Jamus kuma ta bi ta wata hanyar, tun 2003 in ka sayi lemon gwangwani ko na roba ana ɗora maka santi 25 na yuro, ka mayar da fankon cikin inji a kanti a baka kuɗinka. Wato dai kuɗin ajiyar kwalba na Hajiya Babba ne aka saka masa inji. Da ace robar lemo tana da irin wannan kuɗin a kanta a nan, wlh da bata kwana a kwatar Maman Ilham ba.

Anti Malama: Ni abinda yake ci min rai yaran ne. Akwai ɗalibina ɗan aji biyar da yake zuwa da yanka a yatsu, na tambaye shi yace gwangwanin madara ne a bola, bayan an tashi yake fita da buhu har magariba don ya kaiwa babarsa na cefane. Na saya masa safar hannu ta roba mai kauri. In muka ware gwangwani a gida muka miƙa musu a tsaftace ai mun rage musu tona shara da hannu, ko ba komai allura da fasasshiyar kwalba suna ciki.

Maman Ilham: Wlh Anti kin sa jikina yayi sanyi. To ruwa fa jama'a? don ledar fiya wata ita tafi yawa a kwatar nan, kuma ba zan iya sayen ruwan roba na mutum 400 ba

Abban Khalifa: Babu mai ganin laifin wanda ya sayi fiya wata, shine ruwan talaka. Legas ma da ta hana tekawe na soso a Janairun 2024 bata taɓa ledar ruwa ba don tasan rigimar da zata ɗebo.

Ɗan Katako: Mu nan Nijar tun 2014 anka yi dokar hana leda, ku zo ku ga itatuwan bakin gari yadda ta ke lilo bisa ƙaya. Doka in babu abin da za a riƙe a madadi takarda ce.

Baban Amira: Ragon layyata na bara da aka fede, abinda mahauci ya ciro daga tumbinsa dunƙulen leda ne ya kai kan jariri, ya murɗe kamar igiya. Wata biyu ina bashi dusa da harawa ina mamakin baya ƙiba ashe cikin a cike yake.

Hajiya Babba: Ɗiyata ki nemi manyan kuloli guda huɗu ko biyar, cikin dangi ba za'a rasa ba, a zuba ruwa mai kyau da ƙanƙara, a sa kofunan silba. Zoɓo da kunun aya ma haka, a dama a gida a zuba a kula mai famfo. Mu da randa da moɗa muka yi namu kuma babu wanda ya koma da ƙishi. Ki samu yan mata uku ki ɗora musu, ɗaya tana zubawa ɗaya tana karɓar kofi ɗaya tana wankewa da ruwan omo a ɗauraye.

Nas Hauwa: Na goyi baya amma da sharaɗi, wankin kofin ya zama na gaske, baho biyu, na kumfa da na ɗauraya kuma a dinga canja ruwan, in ba haka ba an gudu ba'a tsira ba. Ƙanƙarar ma a san ruwan da aka yi ta dashi. Sannan dan Allah in za'a ɗura zoɓo a roba kar a sayi tsofaffin robobin nan da ake sayarwa a buhu ba'a san inda aka tsinto su ba, ni a wajen aiki na sha ganin abinda marasa lafiya suke yi da robar ruwa a gefen gado, bazan faɗa ba ana cin abinci. Wacce kuka sha a gidanku kuka wanke daban.

Injiniya: Ƙari ɗaya, lemon kwali da ake rabawa yara mai tsinke a jiki, mutane suna ɗauka takarda ce zata ruɓe. Hawa hawa ne, takarda wajen kashi 75, sauran leda da siririn alminiyon a manne, raba su sai injin musamman. Ɗan Panteka kuna karɓa?

Ɗan Panteka: Ko kyauta bama ɗauka

Injiniya: To kinji. Kafin ki sayi komai ki tambayi mai sikelin unguwarku me yake karɓa, shi zai gaya miki gaskiyar da ba'a rubuta a jikin katan ba.

Maman Ilham: Toh Alhamdulillah. Ga abinda na tsayar, ku gyara min in da kuskure. Walimar maza kwalba kiret 6 daga shagon bakin titi, na riga na kira shi yace zai bayar in bar kuɗin ajiya. Yinin mata zoɓo da kunun aya da ruwa a kula, sannan gwangwani ɗaya ɗaya a cikin jakar rabo don masu tafiya dashi. Fiya wata zan sayi jaka kaɗan saboda masu kiɗa da direbobi da yaran waje. Lemon inabin tebur kuma sai nayi da amarya don ita ta dage akansa saboda hoto

Anti Malama: Ki bar mata guda biyu, ranarta ce

Ɗan Panteka: Hajiya ki ajiye buhu uku a bakin ƙofa, na gwangwani daban na roba daban na leda daban, kar a haɗa da ragowar shinkafa, in ya jiƙe da mai da miya daraja yake ragewa. Ki samu yaro ɗaya ko biyu da kika sani a layin ki ce nasu ne tun farko, su da kansu zasu tsare miki wajen. In kika bari sai an watse yara ashirin zasu taru ayi ta kokawa a kai.

Maman Ilham: Anti Malama ɗalibin nan naki a wace unguwa yake? in babu nisa a turo min shi da wani abokinsa, da abincinsu da kuɗin mota

Anti Malama: Babu nisa sosai, zan je in nemi izinin babarsa tukunna in ta amince zan miki magana ta gefe

Baban Amira: Ni kuma zan kawo kula biyu manya, amma dan Allah a rubuta suna a jiki da fenti, ta bikin bara har yau bata dawo ba

Maman Ilham: Za'a rubuta in sha Allah. Hajiya Babba kofunan silba guda nawa kike ganin zasu isa, ina da dozin uku a gida, Maman Khalifa tace tana da biyu

Hajiya Babba: Ki nemi dozin takwas, mata basa ajiye kofi da wuri in hira tayi daɗi. Ki aiko Ilham gobe bayan la'asar ta karɓi nawa dozin uku suna cikin kabet